Littattafai Biyu, Kuɗin Guda

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in ba da labarin wani ciniki da na yi bara, wanda ya hana ni barci kwana uku. Cinikin littafi ne. Abin da ya sa na ke so in faɗa a nan, na ji an soma maganarsa a majalisa bayan sallar lisha, har waɗansu suna cewa wai Malam ya kama karatun Nasara, a yi hankali da yara. To, tun da 'ya'yanku suna hannuna, haƙƙinku ne ku ji yadda abin ya ke daga bakina.

Ni dai, kamar yadda kuka sani, malamin makarantar allo ne a nan Kumasi. Ba ni da albashi, sai kuɗin Laraba da abin da Allah Ya hore ran sauka ko ran suna. A cikin wannan na kan ɗebi kaɗan in jefa cikin wani gwangwanin madara, saboda wani buri da na daɗe da shi. Sa'ad da na ke karatun ilmi wurin malamina, Allah Ya jiƙansa, da muka gama nahawu sai ya sa ni balaga, watau ilmin da ke nuna abin da ke sa magana ta yi kyau ta kai inda aka aike ta. Littafin da muka karanta shi ne Jauharul Maknuni na Shehu Abdurrahmanu Ahalari, wanda kowa ya san ƙaramin littafinsa na tsarki da salla. In muka zo wuri mai daɗi sai malam ya ajiye takardar ya ce mini, "Wannan duk ruwan guga ne. Rijiyar tana wurin Abdulƙahiri."

Abdulƙahiri Jurjani ke nan, mutumin Jurjan ta ƙasar Farisa, wanda ya rasu a shekarar 471 ta Hijira, watau 1078. Ya bar littattafai biyu a wannan fanni, Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijazi. A cikin na biyun ya bi sawun wata babbar tambaya: me ya sa Larabawa, ga su gwanayen waƙa da huɗuba, suka kasa kawo irin Alƙur'ani, alhali kuwa kalmomin da ke cikinsa su ne kalmominsu na yau da kullum? Ya ce kalma ita kaɗai ba ta fi 'yar'uwarta ba. Fifiko yana cikin jeri, watau wace aka gabatar, wace aka jinkirtar, wace aka ambata, wace aka bari, gwargwadon ma'anar da mai magana ya nufa. Wannan shi ya kira nazmu.

Kowane ɗan kasuwa ya san abin nan, ko da bai san sunansa ba. In an kai ƙara gaban sarkin zango, mutum ya ce, "Ban ɗauki huhun goron ba," magana guda ke nan. In ya ce, "Ba ni na ɗauki huhun goron ba," ya yarda an ɗauka, yana nuna wani ne. In kuwa ya ce, "Ba huhun goron na ɗauka ba," ai ya kama kansa, sai a ce da shi, to me ka ɗauka? Kalmomin kusan ɗaya ne, wurin da aka ajiye "ba" shi ya raba gardama. Irin wannan awo Jurjani ya yi wa ayoyi da baitocin Larabawa, har Shehu Muhammadu Abduhu ya riƙa karantar da littafin a Azhar. Shekara ashirin ina jin labarin rijiyar nan ban leƙa ta ba. Wanda na ke so shi ne bugun da malamin nan na Masar, Mahmudu Shakir, ya gyara.

Ana nan sai wani abu ya faru a gidana. Akwai ɗan wana marigayi, wanda na riƙe tun yana ɗan shekara shida. A hannuna ya yi sauka, a hannuna ya karanta Ahalari da Ishmawi da Ummul Barahina ta Shehu Sanusi. Allah Ya ba shi kai, ya yi boko har ya shiga jami'a a Ankara, yana karanta falsafa. Da ya zo hutu, ran nan muna cin tuwo da dare sai ya ce, "Baba, ka tuna hujjar da ka koya mana, cewa duniya fararriya ce, kowane fararre kuwa tilas yana da wanda ya fare shi? An koya mana wani Bajamushe, Kant, ya nuna hankali ba ya iya tabbatar da samuwar Allah ta wannan hanya."

Jama'a, abin da na yi a daren nan ban ji daɗinsa ba har yau. Na tsame hannuna daga kwano, na ce masa abin da na kashe kuɗi ya je ya koyo ke nan? Na ce kada in ƙara jin sunan kafirin nan a gidana. Ya ce, "Ka yi haƙuri, Baba." Bai ƙara ba. Salla bai bari ba, gaisuwa bai bari ba, aike bai ƙi ba. Amma zaman da ya kan yi a zaure kusa da buzuna bayan magariba, ya daina. Hutu ya ƙare ya koma, muka yi wata huɗu in ya buga waya sai lafiya lau, lafiya lau. Na gane yaron bai bar tambayarsa ba, ni ya bari. Wanda kuwa ya kai tambaya gida aka kore shi, zai kai ta wani wuri, ban kuwa san wanda zai amsa masa a can ba.

Cikin wannan hali sai wani tsohon almajirina da ke karatu a Azhar ya aiko zai zo gida. Na fasa gwangwani, na ba wani Alhaji mai zuwa Alƙahira sarin kaya ya kai masa, na ce ya sayo mini Dala'ilu. Na kuma ce, in ya ga wani littafi na Larabci da ya yi bayanin Kant ɗin nan, ya tambayo mini kuɗinsa kawai. Ya shiga kantunan littattafai da ke bayan masallacin Azhar, ya aiko mini hoto biyu ta WhatsApp. Ga Dala'ilu, bugun da na ke so. Ga kuma wani littafi na Zakariyya Ibrahim, malamin falsafa na Masar, wanda ya yi shi dukansa a kan Kant. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, kuɗin na guda ne, jakata ma ta kai nauyin da jirgi ya yarda, da ƙyar guda zai shiga. Saura kwana uku in taso. Wanne zan ɗauko?"

Daren farko na ce ai babu wata shawara. Jurjani sana'ata ce. Da shi zan gyara fassarar da na ke yi wa manya da azumi, ba kuwa wanda zai ce karatunsa da shubuha. Dare na biyu na kwanta sai fuskar yaron ta zo mini, yadda ya sunkuyar da kai bisa kwanon tuwo. Na ce to, in sayi na Bajamushen. Sai wata zuciya ta ce, kai wa ya gaya maka ƙafarka ba za ta zame ba? Mutum ya shiga kogi ceton wani, a wayi gari ana neman gawa biyu. Ga kuma surutun mutane. Haka na yi ta juyi har aka kira assalatu. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Rana ta uku bayan azahar na tafi wurin wani dattijon malami na unguwarmu, abokin malamina, wanda ya haura shekara tamanin. Na durƙusa na gaishe shi, na kwashe duka na gaya masa, har da abin da na yi wa yaron. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ɗana, ka karanta Sullamu?" Na ce na karanta. Ya ce, "To, Ahalarin nan da ka ke ji da shi, me ya kawo game da karatun manɗiƙi?" Na ce ya kawo magana uku: Ibnu Salahi da Nawawi sun haramta, waɗansu sun ce ya kamata a koya, magana mafi shahara kuwa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ya ce, "To, ai ka ga ba yau aka fara ba."

Ya tuna mini Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111. Shi da kansa ya faɗa cewa ya zauna ya karanta littattafan masu falsafa wajen shekara biyu, lokacin yana karantar da ɗalibai ɗari uku a Bagadaza. Ya fara rubuta littafin da ya bayyana manufofinsu tukuna, kana ya rubuta Tahafutu na rushe su, domin a ganinsa mai rushe abin da bai fahimta ba kamar mai harbi ne cikin duhu. Ya tuna mini Shehu Magili, wanda ya zauna Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yadda suka yi musayar baitoci da Suyuɗi, Suyuɗi na hana manɗiƙi, Magili na kare shi. Sa'an nan ya kawo na kusa, Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya zauna Salaga, bayan yaƙin 1892 ya koma Kete Karaci, ya rasu can a 1934. Ya ce, "Jamusawa ke mulkin Karaci a lokacin. Krause ya zauna da shi a Salaga, Mischlich ya zauna da shi a Karaci, ya rubuta musu labarun ƙasar Hausa da ajami. Ya san su ciki da waje, ya kuma yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara. Ka taɓa jin an ce imaninsa ya ragu?"

Daga nan ya nuna wani akwatin ƙarfe a kusurwar ɗaki ya ce, "Dala'ilu yana cikin nan, tsohon bugu. Ba ya fita zauren nan, amma Alhamis da Jumma'a ba ka da makaranta, ka zo ka karanta. Wancan kuwa, duk zangon nan wa ke da shi? Tambayi 'yan kasuwa, in mutum zai yi sari mai nisa, abin da ke rumfar maƙwabcinsa ya kan ɗauko, ko abin da babu a kasuwa?" Na ce guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni. Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ne. Amma gatari ya fi ɗa?" Ya sa mini sharaɗi uku: kada in buɗe shi sai na gama karatun Alƙur'anina na ranar, kada in kai shi gaban yaran makaranta, kuma duk abin da ya girgiza ni in kawo masa kafin in kwana da shi. Ina fita na aika Alƙahira na ce a ɗauko na Bajamushen. Ba zan ɓoye muku ba, da na aika sai da idona ya kawo ruwa.

Littafi ya iso. Larabci ne, amma wani irin Larabci wanda ban saba da shi ba. Wata uku ban wuce shafi ɗari ba. Na yi masa yadda mu kan yi wa littattafanmu, ina rubuta ma'ana da Hausar ajami a gefe, wani wuri in kankare sau uku. Ga abin da na fahimta, a taƙaice. An haifi Immanuel Kant a 1724 a birnin Kenigsbag, wanda yanzu ya ke hannun Rasha ana kiransa Kaliningrad. Bai yi aure ba, bai yi tafiya mai nisa daga garinsu ba, ya rasu a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel. Babban littafinsa ya fito a 1781, shafi fiye da 800, aikinsa kuwa shi ne auna hankali da kansa, a ga iyakar abin da ya ke iya sani.

Ya ce hankalin ɗan Adam yana zuwa da ma'auninsa tun asali, kamar wuri, da lokaci, da cewa kowane abu yana da sababi. Duk abin da ido ya gani ko kunne ya ji, sai ya bi ta cikin ma'aunan nan kafin ya zama sani. Saboda haka abin da mu ke sani shi ne abu yadda ya bayyana gare mu, amma abu a zatinsa, hankali ba ya kai gare shi. Mudu yana auna gero daidai, amma ba a auna nisan Kumasi zuwa Tamale da mudu. Don haka ya ce in hankali ya ɗauki dokar sababi, wadda ke aiki cikin abubuwan da a ke gani, ya tsallaka da ita bayan duniya, ya wuce gonarsa. Da wannan ya soki hujjoji uku da malaman Turai suka saba kafawa a kan samuwar Ubangiji. Amma ya ce yadda hankali ba ya iya tabbatarwa ta wannan hanya, haka kuma ba ya iya korewa. A wani littafin da ya fitar a 1788 ya ce wajibcin aikata daidai, wanda kowane mutum ke ji a ransa, yana bukatar a yarda da abu uku: mutum yana da zaɓi, rai yana wanzuwa bayan mutuwa, kuma akwai Allah.

Da na kai wa dattijon wannan, sai ya sa na buɗe Muƙaddima ta Ibnu Haldun, wanda ya rasu a 1406, inda ya kwatanta hankali da ma'aunin zinariya: awonsa gaskiya ne, amma ba a ɗora masa duwatsu. Ya ce in lura, kamar da ke tsakaninsu ba ta kai ko'ina ba. Ibnu Haldun ya tsai da hankali ne don a miƙa wuya ga wahayi. Kant kuwa, a littafinsa na 1793 a kan addini, ya mai da addini kusan kyawun hali kaɗai, bai ba salla da sauran ibada wani matsayi ba. Nan muka rabu da shi, rabuwa ta har abada.

Da yaron ya zo hutu na gaba, bayan magariba na kira shi zaure, na miƙa masa littafin. Ya buɗe ya ga ajamina a gefen shafi, ya dube ni, ya kasa magana. Na ce, "Ɗana, ran nan na yi maka laifi, ka yafe mini. Zauna mu duba maganar mutumin nan." Na tambaye shi, cewa ya yi babu, ko cewa ya yi ba ta wannan hanya a ke tabbatarwa ba? Ya ce na biyun. Na ce to, ka tuna mai huhun goro. Wanda ya ce "ba ta nan a ke shiga ba" bai ce babu gida ba. Ashe ɗan abin da na tsinta na Jurjani a zauren dattijo ran Alhamis da Jumma'a, shi ya ba ni idon ganin inda Bajamushe ya ajiye "ba" ɗinsa.

Shi ma ya ba ni abin da ban sani ba. Ya ce Kant ya rubuta maganganun raini a kan baƙar fata, Hegel kuma, wanda ya rasu a 1831, ya ce wai Afirka ba ta cikin tarihin duniya. Amma tun Kant yana ɗan shekara goma, a 1734, wani mutumin ƙasar nan, Anton Wilhelm Amo, haifaffen wajen Aksim, ya sami babbar shahadar falsafa a jami'ar Witinbag ta Jamus. An kai shi Turai yana ƙaramin yaro, ya karantar da Jamusawa falsafa a Halle da Yena, ya komo gida wajen 1747. Akwai dutsen kabari mai sunansa a Shama, kuma a 2025 aka sa sunansa a wani titi na birnin Balin. Na ce Allahu Akbar, mai auna hankalin duniya ga shi ya kasa auna maƙwabcinsa.

Kada in sa ku zaci an gama. Ni har yanzu ina kan cewa hujjar Sanusi tana tsaye, domin ban ga dalilin da zai sa dokar sababi ta tsaya a bakin abin da ido ke gani ba. Shi kuwa yaron yana cewa ban gama amsa wa Kant ba, wataƙila kuma da gaskiyarsa. Mun yi dare uku muna wannan, dattijo ya ce mu zo tare mu yi a gabansa. Abin da na samu dai, yaron ya komo kusa da buzuna, in tambaya ta taso masa ni ya ke fara bugo wa waya.

Saboda haka, iyayen yara, ku kwantar da hankalinku. Abin da 'ya'yanku ke karantawa wurina shi ne abin da kuka karanta, daga Fatiha zuwa sauka, littafin nan kuwa yana cikin akwati da kwaɗo. Ba na kuma ce kowa ya nemi irinsa ba, wanda bai yi tauhidi wurin malami ba ya nisance shi. Amma ku sani 'ya'yanmu da ke jami'o'in Ankara da Kumasi da Tamale suna jin irin waɗannan maganganu, ko mun so ko mun ƙi. In ɗanka ya kawo maka tambayar da ta fi ƙarfinka, kada ka yi abin da na yi. Ka ce masa ya dakata, ka kai shi wurin wanda ya sani.

Roƙona ga ƙungiya shi ne a duba ko za a sami kabad guda a ofishinmu, a riƙa tara littattafan ilmi, na balaga da na tarihi da irin waɗannan, a hannun malami amintacce, don kada wani malami ya sake kwana uku yana zaɓe tsakanin sana'arsa da ɗansa. Alhazanmu masu zuwa Alƙahira da Makka, littafi guda cikin kaya ba zai karya ciniki ba, ladansa kuwa yana gudana. Ni dai na sami wani gwangwanin na soma jefawa, in Allah Ya kai mu baɗi, Dala'ilu zai shigo gidana.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya jiƙan malamanmu, Ya ba 'yan kasuwarmu ciniki mai albarka, amin. Haza wasalam.